Kyaftin Ya Tayar da Walƙiya

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar askin Kyaftin ya san cewa askin ba ya ɗaukar lokaci, labarin Walƙiya ne ke cinye wuni. Walƙiya wata ƙungiyar ƙwararrun 'yan ƙwallon kwando ce da ta yi tashe a garin tun yawancin masu zuwa askin ba su san hagu da dama ba. Daga baya masu ita suka watse, filinta ya koma wurin ajiye motoci, ba ta bar komai a duniya ba sai bakin Kyaftin. Shi kuwa bakin nan bai san hutu ba.

Mutum ne gajere mai tumbi, wanda sai ya yi ɗage kafin ya ga tsakiyar kan wanda yake yi wa aski. In wani mai ƙarar kwana ya tambaye shi yadda aka yi mai irin wannan tsayi ya jagoranci ƙwararru, sai ya kashe injin aski ya dube shi cikin tausayi.

"Tsufa ne ya cinye tsayin. Kuma a zamaninmu ba tsawo ake nema ba, ƙwaƙwalwa ce. Kun taɓa jin Tsani?"

Manya kam sun ji shi. Tsani shi ne gwarzon Walƙiya na gaskiya, wanda ya bar garin tun da daɗewa.

"To ni na koya masa riƙon ƙwallo. Allah ya jiƙansa, yaro ne mai jin magana."

Babu wanda ya zo wa Kyaftin da labarin rasuwar Tsani. Shi dai ya ga mamaci ya fi daɗin sha'ani wajen ba da shaida, shi ya sa ya binne shi da kansa. Haka majalisa ke cika a shagon kullum, har da masu sanƙo da ba su da abin askewa, yana zuba suna kwasa.

Ana nan sai wani matashin mai aski ya buɗe shago a tsallaken titi, ya kafa talabijin mai faɗin ƙofa, yana nuna wasannin Guguwa, ƙungiyar ƙwararrun da ke ci a yanzu. Gani ya kori ji. Majalisa ta tsallaka titi da ɗai-ɗai, har ya rage daga Kyaftin sai Mai walda, maƙwabcinsa, wanda shi ma fanka ce ke kawo shi. Abin ya ci wa Kyaftin rai ƙwarai. Ba kan da zai aske ya rasa ba, kunnen da zai saurare shi ya rasa, kuma a wurinsa wannan ya fi yunwa ciwo. Duk sa'ad da ihu ya tashi daga tsallaken titi, sai ya ji kamar da shi ake.

Wata rana ya dawo gida ya tarar da matarsa tana guga. Ya tsaya a bakin ƙofa ya riƙe ƙugu.

"Maman yara, zan tayar da Walƙiya."

"Wadda ta mutu?"

"Suma ta yi. Zan tara tsofaffi, mu kira Guguwa nan layinmu mu lallasa su a gaban kowa. Sai in ga wanda zai ƙara tsallaka titi."

Ta ajiye dutsen guga ta dube shi daga sama har ƙasa, wanda ba doguwar tafiya ba ce.

"Maigida, shekaranjiya fa da ka sunkuya ɗaura igiyar takalmi, sai da na kama ka muka miƙe tare."

"Wannan gwajin ƙashin baya nake yi."

"To Allah ya ba da sa'a. Ni dai zan tanadi man zafi."

Washegari ya sa rigarsa ta fita kunya ya nufi ɗakin wasannin da Guguwa ke atisaye. Kocinsu mutum ne mai fara'a da girmama na gaba. Da ya ji dattijon Walƙiya ne da kansa ya zo, sai ya ba shi kujera, ya ce ai sun daɗe suna neman hanyar karrama magabata, za su zo su yi wasan sada zumunci da iyayensu. Kyaftin bai ji kalmar zumunci ba, ko kuma ya ji ya bar ta a can. Da ya dawo layi, a tsakiyar titi ya tsaya, inda za a ji shi daga shagunan biyu.

"Na je na same su har gida. Kocin nan har rawar murya yake yi. Ya so ya kawo uzuri, na ce babu fashi."

Tara 'yan wasa bai yi wuya ba, domin Kyaftin ya yi taka-tsantsan bai nemi ko mutum ɗaya da ya taɓa sanin Walƙiya ba. Ya ɗauki Mai walda, da wani tsohon direba mai ciwon baya, da Mai gyaran agogo wanda gilashin idonsa ya kai gindin kwalba kauri, da Mai gadin makaranta da ke iya barci a tsaye. Ya ce musu da tsohuwar zuma ake magani. Suka fara atisaye a filin da ke ƙarshen layi, da wani kwando da suka aro daga makarantar.

Ranar farko ƙwallo ba ta ko gaisa da kwando ba. Direba ya jefa, ta faɗa bahon wankin wata maƙwabciya, ta fito da kumfa a goshi tana tambayar wane marar aikin yi ne. Mai gyaran agogo ya jefa, ta sami Mai gadi a ƙeya, ya farka yana cewa ɓarawo. Shi Kyaftin bai jefa ba, ya ce ba ya so ya karya musu gwiwa tun yanzu. Da suka matsa masa, ya ja da baya, ya tofa yawu a tafin hannu, ya yi wani nishi ya saki ƙwallo. Ta tashi kaɗan, ta yi shawara, ta dawo ƙasa tun ba ta kai rabin hanya ba.

"Iska ce," in ji shi, alhali ko ganye ba ya motsi.

Da yamma ya ja Mai walda gefe. Ba a banza ake kiran mutum Kyaftin ba.

"Kwanduna biyu za ka ƙera mana. Ɗaya gajere, bakinsa ya yi faɗin bahon matar nan. Ɗayan ka ɗaga shi sama sosai, ka matse bakinsa. Mu mu riƙa jefawa a gajeren, su kuma su je su ƙarata da dogon."

Mai walda bai san komai a wasan ba, amma ya san ƙarfe.

"Yaya, ba za su gane ba? Bambancin fa ko makaho zai shafa ya ji."

"In sun yi magana sai in ce ƙasar filin ce ba ta daidaita ba. Kai dai yi aikinka, ka bar dabara ga masu ita."

Aka ƙera, aka liƙa wa kowanne allon katako, aka kafa ƙarafan a cikin durom-durom aka cika da siminti. Tun daga ranar atisaye ya yi daɗi. Mai gadi ma yana jefawa ta shiga ba tare da ya buɗe ido duka ba. Kyaftin ya riƙa dawowa gida yana fito, yana tafiya irin ta 'yan wasa, matarsa na bin sa da man zafi.

Ranar wasa layin ya cika maƙil. Mata suka fito da kujerunsu, masu shaguna suka rufe, har matashin mai askin nan ya kashe talabijin ɗinsa ya zo yana ɗaukar hoto da waya. Kyaftin ya ga tsofaffin 'yan majalisarsa a sahun gaba, zuciyarsa ta yi fari. Ya aro lasifika, ya riƙe makirfo da kansa, domin ya ce babu wanda zai iya sharhin wasan kamar mai buga shi. Jar singiletin da ya sa ta tsaya a saman cibiya ta ƙi ci gaba.

Motar Guguwa ta iso, samari suka riƙa sunkuyawa suna fitowa. Kyaftin ya ɗaga kai yana neman fuskar na farkon har wuyansa ya yi ƙara. Koci ya sauko ya dubi kwando na dama, ya dubi na hagu, ya yi ɗan tari.

"Ƙasar ce ba ta daidaita ba," in ji Kyaftin tun ba a tambaye shi ba.

"Haka ne, Baba, na ga alama," in ji Koci yana murmushi. "Mu ma mun zo maka da tsaraba. Mun yi ta cigiya har muka samo maka abokinka."

Wani dogon tsoho ya fito daga motar yana dogara sanda, kansa fari fat. Manya suka fara raɗa, raɗar ta zama hayaniya. Tsani ne, da ransa da lafiyarsa, in ban da kunne da ya yi nauyi.

"Kyaftin, ba shi ne wanda kake jiƙantawa kullum ba?" in ji wani daga sahun gaba.

Gaban Kyaftin ya faɗi, amma bakinsa bai faɗi ba.

"Labarin da ya iso ni ke nan. Mutanen yanzu ba su da aiki sai ƙarya."

Tsani ya tsura masa ido ya daɗe, sannan fuskarsa ta washe. Ya rungume shi, kan Kyaftin na daidai aljihun rigarsa.

"Ashe kai ne. Kana nan yadda na san ka, ko kaɗan ba ka canza ba."

Kyaftin ya maimaita wannan magana a lasifika har sau biyu, don a ji cewa Tsani da bakinsa ya shaida ƙarfinsa na nan. Aka kai tsohon inuwa aka zaunar. Malamin wasanni na makarantar, wanda aka roƙa ya yi alƙalanci, ya busa usur.

Yaran Guguwa 'ya'yan mutunci ne, kuma Koci ya ja musu kunne tun a mota. Da Kyaftin ya rungumi ƙwallo a ƙirji ya taho da gudu, ko buga ta a ƙasa bai yi ba, saurayin da ke tare shi ya matsa gefe ya ce, "Wuce, Baba." Alƙali ya sami abin kallo a sararin sama. Kyaftin ya isa gindin gajeren kwando ya ɗora ƙwallo, ta gangara ciki. Layi ya ɗauki tafi. Ya ruga gefe ya ɗauki makirfo ya bayyana wa jama'a irin yankan da ya yi wa yaron, sannan ya dawo fili yana haki.

Mai gyaran agogo ya miƙa wa alƙali ƙwallo sau da yawa, alƙali na mayar masa cikin ladabi. Direba ya jefa ɗaya ta shiga, ya tsaya a sunkuye riƙe da ƙugu, aka ci gaba da wasa ana kewaye shi. Su kuwa yaran Guguwa, in sun je wajen dogon kwando suka jefa, sai ƙwallo ta zauna a bakin zoben ta ƙi shiga ta ƙi faɗowa, sai an kawo gora an zungure ta. Mai walda ya ɗan wuce gona da iri wajen matsewa. Samarin suna dariya suna komawa baya.

Da aka tafi hutun rabin lokaci Walƙiya ce a gaba, da rata mai yawa. Da mai hankali ne, da ya yi godiya ya sha ruwa. Amma Kyaftin ya hango 'yan majalisarsa suna kallonsa da irin idon da ya daɗe bai gani ba, sai kansa ya ɗau zafi. Ya hau kan wata kujera da makirfo.

"Jama'a kun gani da idonku. Waɗannan su ne kuke tsallaka titi kuna kallo a gilashi. Tsawo kamar falwaya, amma babu wuta. Koci, ka gaya wa yaranka su daina jin kunyata. In akwai abin da suka iya, su fito da shi yanzu, kada gobe su ce ragowa suka yi mana."

Murmushi ya ɗauke daga fuskokin samarin. Ɗaya daga cikinsu ya sunkuya ya sake ɗaure takalminsa da kyau.

"To, Baba, tunda kai ka ce," in ji Koci.

Alƙali ya busa usur, ya yi nuni da hannu. Yaran Guguwa suka juya suka fuskanci gajeren kwando, suna kallonsa kamar yadda mai yunwa ke kallon akushi. Kyaftin ya zo ya tsaya a inda ya saba, ya ga wani dogon saurayin Guguwa a gabansa yana kallon inda shi ma yake kallo.

"Yaro, ka ɓata hanya. Naku na can."

"Baba, an juya," in ji alƙali. "Yanzu su ne za su jefa a nan, ku ku koma can."

"Aka juya me? Wa ya juya?"

"Ƙa'ida ce. In an dawo daga hutu kowa ya canza gefe."

"Ƙa'idar wa? Wannan sabon salon 'yan talabijin ne. Sun ga suna shan kashi, shi ne kuka haɗa baki. Malam, ni na buga wasan nan tun ba a haife ka ba. Shekara da shekaru ina Walƙiya, ban taɓa canza gefe ba ko sau ɗaya."

A wannan kam gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta kashe shi. Alƙali ya ce a juya, Koci ya ce haka dokar take tun fil'azal, jama'a suka rabu biyu, domin da yawansu sun fi shekara talatin suna ɗaukar karatun wasan daga bakin Kyaftin. Da ya ga yana da magoya baya, sai ya ja wayar makirfo har inuwar da Tsani ke zaune, ya kanga masa a baki.

"Ga wanda muka yi zamani tare. Tsani, gaya musu. A lokacinmu ana juyawa?"

"Na'am?"

"Na ce, ana canza gefe bayan hutu?"

Tsani, kamar yawancin masu nauyin kunne, da ƙarfi yake magana, ga kuma lasifika.

"Ana juyawa mana. Tun da aka ƙirƙiri wasan ake juyawa." Ya dafa kafaɗar Kyaftin cikin ƙauna. "Amma kada ku ga laifinsa. 'Yan wasa ne ke juyawa, benci ba ya juyawa. Shi kuma wannan bawan Allah, duk zaman da ya yi da mu a gefe guda yake zaune, da tawul ɗinmu a kafaɗa da gorar ruwa a hannu. Bai taɓa makara ba. Wajen tafi kuwa, har muka watse ban ga kamarsa ba."

Ya faɗa ne don yabo, har idonsa ya kawo ruwa. Sai matar nan mai bahon wanki ta fara dariya, daga nan kowa ya kama, har da Mai gadi da bai ji farkon zancen ba.

Kyaftin ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, amma irinsa ba ya mutuwa da harbi ɗaya. Ya fizge makirfo.

"Tsufa ya taɓa shi, ku yi masa uzuri. To na yarda a juya. Amma a tsarinmu na da, in za a juya kowa da kwandonsa yake tafiya. Walƙiya, ku zo mu ɗauki namu."

"Yaya, siminti ne fa cike da durom ɗin nan," in ji Mai walda.

"Kawo baro. Ku ku karkato shi, ni zan tsaya a gaba in ba da umarni."

Koci ya yi ƙoƙarin hana su, Kyaftin ya ce kada baƙo ya sa baki a harkar cikin gida. Tsofaffi uku suka sa kafaɗa suka tura, durom ya karkata. A daidai nan bayan Direba ya tuna masa da kansa, ya saki ya kama ƙugu. Mai gyaran agogo ya ga inuwa ta motsa ya ɗauka an gama, shi ma ya saki. Ƙarfen ya taho a hankali, Kyaftin na ƙarƙashinsa yana ɗaga hannu yana cewa a ƙara kaɗan. Biyu daga yaran Guguwa suka yi tsalle suka tare ƙarfen kafin allon ya same shi, amma zoben ya riga ya sauko. Ya wuce kansa, ya wuce kafaɗunsa, ya zo kan tumbi ya tsaya cak, ya haɗe hannayensa da jikinsa. Ragar ta rufe masa fuska.

Alƙali, ko don sabo ko don mugunta, ya busa usur ya ɗaga yatsu biyu, alamar ƙwallo ta shiga, an ci maki biyu.

Aka ja sama, tumbi ya ce bai san zancen ba. Aka tura ƙasa, ya ƙi. Matarsa ta ratso jama'a da ruwan sabulu a bokiti, ta zuba masa. Sabulu bai yi aiki ba. Sai da Mai walda ya koma shago ya ɗauko zarto, ya durƙusa yana yanka aikin hannunsa, samarin nan biyu na riƙe da ƙarfen suna cewa, "Sannu, Baba, kada ka motsa." Matashin mai aski na gefe da wayarsa, bai bar komai ya wuce shi ba. Daga cikin raga Kyaftin ke sanar da cewa tunda an tsayar da wasa Walƙiya na gaba, to Walƙiya ce ta ci, sai dai an riga an kashe lasifika.

Washegari ya so ya ce ba shi da lafiya, matarsa ta miƙa masa makullin shago ta ce ciwon da ke damunsa ba ya jin magani a gado. Ya bi ta bayan layi yana sunkuyar da kai. Da ya ɓullo kwana sai ya ga abin da ya daɗe yana roƙo. Jama'a ne cike a ƙofar shagonsa suna jiran ya buɗe, tsofaffin 'yan majalisa da sababbi, shagon tsallake kuwa babu kowa sai talabijin na magana shi kaɗai.

Ya buɗe, suka cika kujeru har wasu na tsaye. Ya ɗaura wa na farko ƙyalle a wuya, ya kunna inji. Kafin ya kai bayan kunne an fara. Wannan ya kwaikwayi muryar Tsani, wancan ya tashi ya nuna yadda zoben ya sauko, Mai walda na gyara musu inda suka rage. Wani ya ce da ƙarfen ya taho, Kyaftin ihu ya yi yana kiran matarsa. Wannan kam ƙarya ce tsagwaronta, Kyaftin ya kashe inji ya gyara murya.

"Ba haka aka yi ba. Bari in ba ku labarin yadda..."

Wanda ke kan kujera ya ɗaga hannu daga ƙarƙashin ƙyalle, yana kallonsa ta madubi.

"Haba Kyaftin, wannan ai muna wurin. Kai dai yi askinka, mu za mu ba da labari."

Ya tsaya da baki buɗe, ya duba ko akwai mai jiran ya ci gaba. Babu wanda ke kallonsa, duk sun juya wajen mai kwaikwayon Tsani. Ya sake kunna inji, ya yi ɗage, ya ci gaba da aski.